Ƙarfe a Bakin 'Yar Hajiya: Abin da Na Riƙa Rubutawa

14 ga Satumba, 2023

Yau muka kai 'yata wajen likitar gyaran jerin haƙora. 'Yar fari ce, ba zan kama suna ba. A gida 'Yar Hajiya ake ce mata, domin tun tana goye kakarta ta wajen uba ta ƙwace ta. Shekararta 13 da wata takwas, tana aji uku a ƙaramar sakandare. Haƙoranta na gaba na sama sun turo waje tun bayan famfara, ni kuma kullum ina cewa in ta girma fuska za ta cike su. Ba ta cike ba. Abin da ya tayar da ni tsaye hoton bikin ƙanwata ne. 'Yan mata tara a jere, kowa ta washe baki, ita kaɗai ta ja gefen mayafi ta rufe nata. Daren nan na bi hotunan wayata na shekara biyu baya, ban sami guda ɗaya da haƙoranta suka fito ba. Da na matsa mata da tambaya ta faɗa mini sunan da ake kiranta da shi a makaranta. Ba zan rubuta shi ba.

Daga Dutse muka yi sammako zuwa Kano, domin masu wannan fanni kaɗan ne a wajenmu. Likitar mace ce, mai magana a hankali. Ta sa wani ɗan ma'auni ta auna tazarar da ke tsakanin haƙoran sama da na ƙasa in an cije: milimita 9. Ta ce abin da aka saba gani 2 ne zuwa 3. Sannan ta ce mata, “Rufe bakinki, 'yammata, ki saki jiki.” Leɓɓan ba su haɗu ba. Da ta matsa suka haɗu sai fatar haɓarta ta tattare, ta yi 'yan ramuka kamar ɓawon lemo. Likita ta nuna mini da yatsa ta ce wannan tattarewar ita ce wahalar da naman haɓa yake sha don ya tura leɓen ƙasa sama. In kuma ta saki, leɓen ƙasa yana faɗawa bayan haƙoran sama, yana ƙara tura su waje. Shekara goma sha uku ina kallon fuskar nan, ban taɓa lura da wannan ba.

Ta tambayi tsotson yatsa. Ta yi har ta kai shekara bakwai. Ta tambayi ko ta fara al'ada, da yaushe. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ni na amsa: shekara ɗaya da rabi ke nan. Likita ta ce ba don komai ta tambaya ba sai don a 'ya mace mafi yawan tsiron ƙashi yana zuwa ne kafin wannan lokacin, bayansa sai ya riƙa ja baya. Da mun zo da ita tana 11, da an gwada wata roba mai hawa biyu da ke riƙe muƙamuƙin ƙasa a gaba yayin da yake girma. Yanzu amfaninta ya ragu. Wannan maganar ta zauna mini a rai duk hanyar dawowa.

5 ga Oktoba, 2023

An ɗauki hoton ƙashi iri biyu, ɗaya na haƙora gaba ɗaya, ɗaya na kai ta gefe. An ɗauki hotunan fuska, an kuma zuba wani abu mai kama da ƙullu a bakinta aka fitar da siffar haƙoran.

Hoton gefen shi ne na tsaya a kai. Ana ganin ƙoƙon kai da haƙora, da inuwar hanci da leɓɓa da haɓa a kansu. Likita ta ce tun 1931 ake ɗaukar irinsa, daga aikin wani Ba'amurke mai suna Broadbent. Ta ce yarinyar tana rukuni na biyu a rabon nau'o'in cizon haƙora da wani likitan haƙori, Edward Angle, ya yi a 1899, wato na sama sun riga na ƙasa. Ƙashin sama bai fita da yawa ba, muƙamuƙin ƙasa ne ya ɗan koma baya, amma babban abin shi ne haƙoran gaba sun kwanto waje kamar rufin rumfa.

Sai ta ɗauki fensir ta ja layi daga ƙarshen hanci zuwa ƙarshen haɓa. Leɓɓan duka biyu sun tsallake layin. Ta ce wani likita mai suna Ricketts ne ya kawo wannan ma'auni a shekarun 1950, kuma a wajensa leɓen ƙasa ya kamata ya kasance bayan layin da kamar milimita 2, na sama da kamar 4. Gabana ya faɗi, na ce to ai da sauran aiki. Ta ajiye fensirin ta ce, “Hajiya, fuskokin Turawa aka auna aka fitar da wannan. Dube ni, dubi kanki.” Ta ce a yawancin baƙar fata haƙora da leɓɓa sun fi na Turawa fitowa gaba, kuma halitta ce lafiyayya, ba cuta ba. Wanda ya ɗauki ma'aunin can ya tilasta shi a kan fuskarmu zai iya dusar da baki ya tsofar da yarinya. Burinta uku ne kawai: leɓɓa su haɗu ba da wahala ba, haƙoran gaba su iya gatsar abu, kuma su fita daga haɗarin karyewa, domin haƙorin da ya turo haka shi ne farkon abin da ke bugun ƙasa in yaro ya faɗi.

Na yi mata tambayar da ta kawo ni: fuskarta za ta canza? Ta ce ƙarfen gyaran da za a manna mata a baki, haƙori yake motsawa da ƙashin da ke riƙe da shi. Leɓe yana bin haƙori, amma ba taku da taku ba. Sau da yawa rabin tafiyar yake yi ko ƙasa da haka, kuma leɓe mai kauri ya fi ƙin bi. Hanci, kumatu, ido, faɗin fuska, babu ruwan ƙarfe da su. Na rubuta wannan a bayan katin asibiti don in karanta wa babansu kamar yadda ta faɗa.

Daga yau na ƙudura zan riƙa ɗaukar ta hoto duk farkon wata, gaba da gefe, jikin bangon zaure ɗaya, da hasken hantsi, ba murmushi.

8 ga Oktoba, 2023

Mun je gidan Hajiya da maganar. Ba ta yi daɗi ba da farko.

'Yar Hajiya tana da wushirya, irin ta Hajiyar sak. Da jin an ce za a sa ƙarfe sai ta ce, “Wa zai taɓa mini wushiryar kishiya? Abin da wasu ke nema da kuɗi shi za ku biya kuɗi a toshe?” Gaskiyarta ce. A wajenmu wushirya ado ce, ana yabon mace da ita. A littattafan da likitoci ke karantawa kuwa giɓi ne da ake lissafawa cikin abubuwan gyara. Na tambayi yarinyar a gaban kowa. Ta ce, “Umma, ni turowar ce ba na so. Wushiryata a bar mini.” Hajiya ta jawo ta ta rungume.

Babansu damuwarsa daban: kada mu faɗa cikin canza halittar Allah. Ya je wajen malaminsa bayan la'asar ya dawo da bayani. Hadisin Ibn Mas'ud da ke cikin Bukhari da Muslim ya la'anci mata masu goge haƙora su buɗe tsakaninsu don neman kyau, wato masu ƙirƙirar wushiryar da ba a halicce su da ita ba. Amma gyara aibu da kawar da cutarwa daban ne. Malam ya kawo labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Ya ce yarinyar da bakinta ba ya rufuwa, dasashinta yana bushewa, ba ta iya gatsar abu da haƙoran gaba, magani ake nema mata. Babansu ya ce to a yi, amma a tsaya iya gyaran aibun. Na ji daɗin wannan iyakar, domin ita ce dai likita ta shata da nata harshen.

26 ga Oktoba, 2023

Maganar cire haƙori. Kwana uku ban yi barcin kirki ba.

Don a mayar da na gaba baya dole a samar musu wuri. Shawarar likita a cire biyu a sama, na huɗu in an ƙirgo daga tsakiya, wato ƙananan turamen da ke bayan fiƙa, dama da hagu. Kowanne zai bar fili kamar milimita 7. A ƙasa ba za a cire ko ɗaya ba. Biyun da za a cire lafiyayyun haƙora ne, ko ɗigon tsutsa babu. Na ce ba wata hanya? Ta ce akwai a jira ta gama girma a yi mata aikin muƙamuƙi, amma nata bai kai nan ba. Akwai a jera su kawai ba a cire komai ba, sai dai bakin zai ci gaba da zama a buɗe. Ta ce wasu sukan cire huɗu, sama da ƙasa, su ja baki duka baya, amma ita ba ta ga dalilin haka a fuskar nan ba, domin leɓen ƙasa yana inda ya dace da ita.

Ashe gardama ce tsohuwa a tsakanin likitocin haƙori. Angle ya tsaya a kan kada a cire haƙori ko ɗaya. Almajirinsa Charles Tweed ya bi shi shekaru, ya ga fuskoki suna kumburowa, haƙora suna komawa inda suka fito, sai ya sake yi wa marasa lafiyarsa aiki da cirewa, ya nuna sakamakon a shekarun 1940. Daga nan cirewa ta yi yawa har ta wuce kima, daga baya aka dawo tsakiya. Abin da na fahimta shi ne babu amsa ɗaya ga kowa, fuskar da ke gabanka ce ke faɗa. Na gaya mata maganar wushirya ina tsammanin za ta musa. Ta ce ba mu ne na farko da suka roƙi haka ba. Za ta rage ta daga milimita 2 da rabi zuwa kamar 1 da rabi, ta sa ɗan abin tokare a wayar ƙarfen don kada ta rufe.

Mun sa hannu. Kuɗin ba kaɗan ba ne, an yarda mu biya kashi-kashi, ga kuɗin mota da ya ninka tun cire tallafin mai a watan Mayu.

16 ga Nuwamba, 2023

An cire biyun makon jiya. Yau aka manna ƙarfe. Kusan awa ɗaya da rabi tana kwance baki a buɗe. Kowane haƙori an goge shi, an shafa gam, an ɗora ɗan ƙarfe kamar ƙwayar gero biyu, an haska shi da shuɗiyar fitila ya kama. Sannan aka zura siririyar waya aka ɗaure da 'yan robobi. Ta zaɓi ruwan hoda.

Kafin a sa wayar likita ta lanƙwasa ta a gabana ta saki, ta koma yadda take. Haɗin ƙarafan nikel da titaniyam ce, an samo ta a farkon shekarun 1960 a wani ɗakin bincike na sojojin ruwan Amurka, daga baya likitocin haƙori suka ɗauka. Ƙoƙarin da take yi na komawa siffarta shi ne yake jan haƙori. Ta gefen da haƙori ke dannawa ƙashi yana narkewa a hankali, ta gefen da ya baro sabo yana tsirowa. Shi ya sa ba a gaggawa: kamar milimita ɗaya a wata. In aka matsa da ƙarfi saiwar haƙori ce ke cinyewa.

19 ga Nuwamba, 2023

Kwana uku kunu da koko da faten dankali. Ta yi kuka daren farko. Cikin leɓenta ya yi gyambo biyu, muna manna kakin da aka ba mu a kan ƙarafan. Na liƙa takarda a ƙofar kicin: ba rake, ba goriba, ba aya, ba ƙuli-ƙuli, ba gasasshiyar masara, ba alewa mai danƙo, ba cingam.

7 ga Janairu, 2024

Hoton wannan wata ya tayar mini da hankali. Bakin ya fi da fitowa. Na kira likita, ta ce haka ne da farko: kaurin ƙarafan kansu yana ɗaga leɓe, kuma yanzu jera haƙora ake yi, ba a fara ja baya ba tukuna. Ga hunturu. Leɓɓan da dama ba sa haɗuwa sun tsage, na sama har da jini. Man kaɗanya safe da dare, da kwalbar ruwa a jakar makaranta.

A makaranta sunan ya canza, yanzu na ƙarfen ake kira. Amma ta ce wannan bai dame ta kamar na da ba, domin ta san ranar cire shi na zuwa. Wata ƙawarta ma ta tambaye ta inda ake sawa, wai ado ne. Na ce ta faɗa mata kada ta kuskura ta bari wanda ba likita ba ya manna mata wani abu a baki. Haƙori yana iya girgiɗewa ya fita.

24 ga Maris, 2024

Azumi. Na roƙi a ɗage ɗaurin wannan wata zuwa bayan Salla, domin duk ranar da aka sauya waya tana buƙatar maganin ciwo da rana. An yarda. Dabino sai an cire ƙwallo an yayyanka mata. Bayan sahur takan ɗauki minti goma tana bin tsakanin ƙarafa da ɗan siririn buroshi, ƙannenta na barci. Asuwaki ma tana yi, amma a gefen dasashi kawai, a hankali.

Haƙoran ƙasa da suka ɗan hau juna sun miƙe. Fuska kuwa, in na jera hoton Oktoba da na Maris, ban ga komai ba sai tsawo da ta ƙara a wuya.

20 ga Yuni, 2024

Layya ta yi mana ɓarna. Ranar Salla, 16 ga wata, ta kasa haƙuri da soyayyen nama, ƙarfe biyu suka ɓalle, ƙarshen waya ya soki kumatunta. Sai da muka yi tafiya ta musamman. Likita ba ta yi faɗan naman ba sosai, faɗan dasashi ta yi. Ya kumbura ya yi ja tsakanin haƙoran gaba, yana jini in an taɓa. Ta shafa wani ruwa mai launi, duk inda datti ya maƙale ya rine. Ta miƙa mata madubi ta ce, “Kin gani? In wannan ya daɗe, ranar da na cire ƙarfe za ki tarar da fararen tabo zagaye da wurin kowanne, kuma ba sa gogewa.” Lokacin jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ta yi sakaci, ni ma hankalina yana kan karatun. Yanzu duk dare ina tsaye har ta gama.

An sa waya mai kauri ta baƙin ƙarfe. An fara jan fiƙoƙi baya cikin filin da aka cire, da wata roba mai kama da sarƙa.

6 ga Agusta, 2024

Ba mu je ba. Zanga-zanga, an sa dokar hana fita a Kano. An mayar da mu ƙarshen wata.

10 ga Nuwamba, 2024

Kusan shekara guda da sa ƙarfe. Fiƙoƙin sun isa inda ake so, tun Satumba ake jan huɗun gaba tare. An ƙara mata robobi daga fiƙar sama zuwa turmin ƙasa, dama da hagu, tana sauya su kullum, ba ta cirewa sai za ta ci abinci. Tazara ta sauko daga 9 zuwa 5.

Abin da nake so in rubuta shi ne na daren Talata. Na shiga ɗakinsu in gyara gidan sauro, na haska fitilar waya, na ga bakinta a rufe tana barci. Tun tana ƙarama baki buɗe take kwana, matashinta da yawu, ta tashi leɓe a bushe. Na daɗe a tsaye ina kallo. Haɓar ma sumul, babu tattarewar nan.

Amma akwai wata damuwa. Hajiya ta ce mun tsotse mata jika, kumatu sun faɗa, hanci ya fito. Wata maƙwabciya ta ce ta gani a TikTok cewa ƙarfen haƙori yana sirantar da fuska, har wasu 'yan mata na neman sa don haka. Na ɗauko hotuna goma sha huɗu na jera a kan gado. Gaskiya ne, fuskar ta yi tsawo, kumatun yarinta sun tafi, karan hanci ya tashi. Na kai wa likita da zafina. Ta tambaye ni ko akwai sa'arta a dangi da ba ta sa ƙarfe ba. Akwai 'yar yayana, wata uku ne tsakaninsu. Ta ce in je in nemo hotonta na bara da na bana. Na nemo. Ita ma kumatun sun faɗa, ita ma hancin ya fito. Tsakanin 13 da 15 kowace yarinya fuskarta tana sauyawa, kitsen kumatu yana raguwa, hanci da haɓa suna ci gaba da girma bayan wasu sassan sun tsaya. Mu da muke da ƙarfe a gida komai muka gani sai mu ɗora masa. Likita ta ƙara da cewa in leɓen sama ya ɗan koma baya, hanci yakan yi kamar ya ƙara tsawo ko da bai ƙara ba, don haka take auna ja-bayan da hankali. Na kuma auna nauyinta, ta ragu kilo ɗaya da rabi tun Yuni saboda tsoron tauna. Wannan kam laifin ƙarfe ne. Na ƙara mata ƙwai, alale, fura da nono, da nama da aka daka.

13 ga Fabrairu, 2025

An sake ɗaukar hoton gefe. Likita ta zana tsohon a takarda mai shara-shara da baƙin fensir, sabon da ja, ta ɗora ɗaya a kan ɗaya ta daidaita su a ƙashin gindin ƙwaƙwalwa, wanda ba ya sauyawa sosai a wannan shekaru. Na ga abin da baki ba zai iya bayyana mini ba.

Haƙoran gaba na sama sun koma baya da milimita 5, sun kuma miƙe tsaye. Leɓen sama ya bi su da 2 kawai. Leɓen ƙasa ya fita daga tarkon da yake ciki, ya daina naɗewa, ya zauna a gaban haƙoran sama. Hanci ya ƙaru da kamar milimita ɗaya da rabi, haɓa ta matso gaba da ɗaya. Waɗannan biyun girma ne, ba aikinta ba, ita da kanta ta faɗa. Ta sake jan layin nan daga hanci zuwa haɓa. Leɓɓan har yanzu suna gabansa kaɗan. Ta ce nan za ta tsaya. Sauran filin da ya rage za ta rufe shi ta hanyar barin turame su matso gaba, ba ta ƙara jan na gaba baya ba.

Milimita biyu. Na auna a kan ruler ɗin ƙaninta da na dawo gida, bai kai kaurin ashana biyu ba. A kan wannan ne muka yi tafiya goma sha biyar, muka cire lafiyayyun haƙora biyu. In wani ya zo mini yau ya ce yana so a sa wa 'yarsa ƙarfe don a sauya mata kamanni, zan ce masa ya riƙe kuɗinsa. Amma in bakinta ba ya rufuwa, in tana ɓoye dariya, in ba ta iya gatsar tsire, zan ce ya kai ta, kuma kada ya jira kamar yadda na jira. Ƙaninta shekararsa 8, na sa an duba shi yau. Likitocin wannan fanni a Amurka suna ba da shawarar a fara duba yaro tun yana 7. Nasa lafiya, sai dai a sake gani in ya kai 10.

A hoton haƙora an ga saiwar biyu na gaba ta ɗan dakushe a ƙarshe. Ta ce yana faruwa, kaɗan ne, ba zai hana su zama ba, amma dalili ne na kada a tsawaita aikin.

2 ga Afrilu, 2025

Hoton Sallar bana tana tsakiya, ƙarfe a waje, robobi kore don su dace da atamfarta. Mayafin yana kafaɗa.

17 ga Yuli, 2025

An cire. Wata ashirin daidai. Da wani ɗan filaya aka riƙa ɓalle su ɗaya bayan ɗaya, aka kankare gam, aka wanke. Tazara milimita 3. Farin tabo guda ɗaya a gefen fiƙar hagu, ragowar sakacin bara. An shafa masa fuloraid, maganin ƙarfafa haƙori, an ce zai ɗan dushe. Ta riƙa zagaya harshe a kan haƙoran tana cewa santsi suke yi, kamar ba nata ba, kuma sun yi mata girma.

Ba mu wuce gida ba, gidan Hajiya muka sauka. Ta kama haɓarta ta juya ta wajen haske, ta ce ta yi dariya. Ta daɗe tana duban wushiryar. Ta ce, “An rage mini ita, amma tana nan.” Ta juya fuskar gefe, ta sake juyowa. Sannan ta ce da babansu, “Ita ce dai. Bakin ubanka ne da ita, da can haƙora ne suka tare shi.” Ta aika aka sayo rake, ta fere da kanta, ta yayyanka ƙanana.

12 ga Oktoba, 2025

Wata uku da mariƙin haƙori, wanda suke kira ritena. Na roba ne garai da ake kifawa a kan haƙora, an zuba shi da gurbin wushiryar a jiki. Da farko dare da rana, yanzu an mayar da ita dare kawai. Likita ta ce zaren naman da ke riƙe da haƙori yana daɗewa yana neman mayar da shi gidansa na da, kuma haƙora suna motsi muddin mutum na raye, don haka ba ta ba mu ranar dainawa ba.

A watan jiya ta je hutu Haɗeja ta manta shi kwana biyar. Da ta dawo ta sa, ya matse ta har hawaye, amma ya shiga. Yanzu akwatinsa yana cikin jakar da take ajiye Alƙur'aninta, don kada a sake. Turamen hankali na ƙasa, wato na can ƙarshen baki da ke fitowa bayan an girma, an gan su a hoto suna kwance cikin ƙashi, za a duba su in ta kai 17. Na ɗauki hoton wannan wata jikin bangon zaure, na ashirin da biyar. Na ce ba murmushi, ta kasa riƙewa, sai da muka sake sau uku. Komawarmu ta gaba Janairu, tare da ƙaninta.